Yadda Haƙora Suka Sauke Ni Daga Limanci

Ranar sunan ɗiyar Usman ina zaune a zaure, sai na jiyo muryar ɗiyata Hafsatu daga cikin gida tana faɗa wa wata baƙuwa cewa Malam Isiyaku ne ya ƙwace masallaci daga hannun babansu. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta faɗa ne yadda mutum zai ce rijiyar gidanmu gaba goma ce, kuma wannan ne ya fi damuna, don na gane maganar ta zauna a cikinku har ta zama kamar gado. Ban kira ta ba, gida cike yake da mutane. Amma tun da na fara rubuta muku waɗannan takardu na san sai na zo kan wannan shekarar, kuma na yi ta kewaye ta har na gaji. Babu wanda ya ƙwace mini komai. Abin da ya faru, a cikin bakina ya faru.

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jihar ce. Jega ta cika da zancen Birnin Kebbi, wa aka mayar can, wa ya samu kujera, wa aka manta da shi. Kai ma Usman kana cikin waɗanda aka ɗauke, ka kwashe iyalinka, gida ya rage daga ni sai innarku sai ƙannenka mata biyu. Ni kuwa na riga na ajiye koyar da Arabiyya a firamare, abin da ya rage mini shi ne limancin masallacin unguwarmu, wanda na fi shekara ashirin ina yi. Ba masallacin Juma'a ba ne, sahu huɗu ne in an cika. Amma akwai masu tsallake masallatai biyu su zo Asuba wurinmu saboda karatu. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin haka, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ni da asuwaki a baki da goro a aljihu. Na sha yi wa mutane wa'azi a kan asuwaki, har ana yi mini tsarabarsa. Amma shekaru da yawa in na goge baki sai na ga jini a kansa, in tofar, in ce ƙarfin guga ne. Shayi kuwa ƙwayar sukari biyar nake sawa, safe da yamma. Babu abin da ke yi mini zafi, don haka ban ɗauka ciwo ba ne. Innarku ce ta fara lura da warin. Ba ta iya faɗa mini ba. Sai na riƙa tarar da kanumfari uku ko huɗu a cikin ganyen da take ƙunsa mini goro. Da abin ya yi yawa na tambaye ta.

"Wanga kanumfari na mi ne?"

"Na ga kana kusantar mutane ne, Malam," in ji ta, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

Na fahimta, na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji a gabanta ba. Daga ranar in mutum ya duƙo ya gaishe ni sai in ɗan kawar da fuska. Wasu sun ɗauka girman kai ne ya shige ni.

Matauni ne suka fara girgiɗi. Na farko ya fita a cikin lomar nama a wata walima, ba zafi, ba komai, kamar an zare tsinke daga laka. Na naɗe shi a hankici na sa aljihu, na ci gaba da amsa gaisuwa. Na biyu da na uku suka biyo baya kafin damina ta yi nisa. A da bayan Magariba mukan haɗa kwano a ƙofar gida mu uku, ni da Ladan Garba da Malam Isiyaku, wanda shi ne na'ibina, mai jan salla in ba na nan. Mun fi shekara goma muna wannan ciyayya. Da tauna ta gagare ni, na ga ina barin su suna jirana da loma a baki, sai na ce cikina ne ba lafiya, likita ya hana ni wasu abubuwa. Ban ga wani likita ba. Na koma cin abinci ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a saye, ina jiƙa tuwo da miya har ya zama kamar fate. Ta taga ina jin su biyun suna hira a waje, wani lokacin su ambace ni. Innarku na ganin nama yana dawowa a kwano kullum, sai ta fara daka shi a turmi.

Tsakiyar damina wani haƙori na ƙasa ya kumbura, ya hana ni sakat. Na yi gishiri da ruwan ɗumi, na danna kanumfari, wani ya kawo mini saiwa na tafasa, duk a banza. Ranar kasuwa na bi ta can ƙarshen layin masu magani, inda wani baƙon mutum ke baza haƙoran mutane a kan tsumma don a ga aikinsa. Na zaɓe shi ne don bai san ni ba. Ya zaunar da ni a kan benci a bayan rumfa, ya shafa mini wani abu mai ɗaci, ya sa awartaki. Haƙorin ya karye, rabi ya fito rabi ya zauna. Ya ce sauran zai fita da kansa. Kwana uku bayan haka kumatuna ya haye har idona na hagu ya kusa rufewa, zazzaɓi ya rufe ni, bakina bai buɗuwa sai abin da cokali zai shiga. Innarku ba ta nemi izinina ba, ta ba wani direba saƙo zuwa Birnin Kebbi. Washegari da hantsi ka iso, Usman, ka dube ni sau ɗaya, ka fita neman mota. Sakkwato muka nufa, don a can ka san akwai likitan haƙori.

Likitan saurayi ne, ba Bahaushe ba, amma yana jin Hausa daidai gwargwado. Sai da ya yi mini allurai ya ba ni ƙwayoyi na mako guda, kumburin ya sauka, sannan ya iya duba bakin da kyau. Ya daɗe yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya da wani siririn ƙarfe. Ya ce ciwon ba a haƙoran ya fara ba, a dasashi ya fara. Datti ne ya taru ya daskare kamar dutse a gindinsu, inda asuwaki ba ya kaiwa, sai an kankare shi a asibiti. Shi ne ya yi ta cin dasashin, ya gama ya shiga cin ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Ya tambaye ni tun yaushe nake ganin jini. Na ce na fi shekara bakwai. Ya girgiza kai, ya ce jinin nan shi ne sallamar da ciwon ya yi mini, da na zo a lokacin da wanki kawai za a yi. Ya sa aka auna jinina, aka ce ina da ciwon suga ban sani ba, kuma shi ma ya taimaka wa ɓarnar. Daga ƙarshe ya ce shida ba su da sauran gyara, har da wanda ya karye. Huɗu daga cikinsu na gaba ne, na sama.

"Likita, in an cire na gaban nan, karatu fa?" na tambaye shi.

Ya yi murmushi ya ce haƙori ba ruwansa da ido, zan ci gaba da ganin rubutu. Sai kai ka yi masa bayani da Turanci cewa liman ne ni, da baki nake karatun, mutane na bayana suna saurare. Murmushin ya tafi. Ya ajiye ƙarfen.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, magana za ta canja. In wurin ya warke za mu yi maka na roba, za ka saba a hankali. Amma in ka bar su, da kansu za su zube, kuma kumburin nan zai dawo. Wata rana ba a kumatu zai tsaya ba."

Na dube ka, kai kuma ka dubi ƙasa. Na ce a cire. Zuwa biyu muka yi. Ban ji zafi ba saboda allura, ƙarar kawai nake ji a cikin kaina. A hanyar dawowa, da auduga a baki, na yi ta kai harshe wurin yana faɗawa cikin fili, tun daga Sakkwato har muka wuce Tambuwal ban ce da kai uffan ba. Ka ɗauka fushi nake yi da kai. Tsoro nake ji in buɗa baki in ji abin da zai fito.

Mako shida Malam Isiyaku yana jan salla, ni ina yin tawa a gida. A ɗaki nakan gwada karatu a hankali, in ce wa kaina ai ba laifi. Mutum ba ya jin kansa sosai in yana raɗa. Ranar da na koma Magariba ce, an fara girbin dawa. Masallaci ya cika, mutane suna ta yi mini barka, Malam Isiyaku ya ja da baya da fara'a ya ba ni wuri. Na yi kabbara, na fara Fatiha. Tun a ayar farko na ji abin. Duk inda harafin sin ya zo sai iska ta kuɓuce ta giɓin da wani siririn fito, kamar mai kiran tantabara. Sad ta koma wani abu dabam, da na shiga sura kuma harafin fa ya ƙi fita sam. Lasifikar da aka sa mana sabuwa a shekarar tana ɗaukar komai tana kai wa unguwa. A sahu na biyu wani ya yi tari, irin tarin da ake yi don a danne dariya. Ban san ko wane ne ba, ban kuma taɓa bincike ba. Na zaɓi gajerun surori na ƙarasa, gumi ya jiƙe mini riga. Da na yi sallama na juyo, fuskokin da na saba gani suna dubana duk sun sunkuya kan carbi. Ladan Garba ne kaɗai ya matso ya ce, "Sannu da jiki, Malam." Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka na ci gaba, ina cewa in na roba sun zo za a huta. Da suka zo, a tsakiyar rani, na sa su na dubi madubin innarku, na ga bakin wani mutum. Farare tas, a jere, sun fi nawa na asali kyau. Amma robar ta rufe mini ganɗa, harshena ya rasa wuraren da ya saba sauka tun ina yaro a makarantar allo. Fiton ya ragu, sai wani nauyi ya maye gurbinsa, kamar mai magana da goro a baki. Suna kuma gurje mini dasashi. Likita ya ce in koma a sassaƙe inda ke ciwo, ban koma ba, Sakkwato ta yi mini nisa a zuciya. Wata Asuba ina cikin doguwar sura, na ja wani maddi, sai na ji sun saki sun faɗo kan harshena. Na tsaya cak. Na tura su da harshe suka koma, ban san inda na tsaya ba, na yi ruku'u a tsakiyar aya. Ranar ban fita ba sai Azahar, wadda ba a bayyana karatu a cikinta.

A Aliero malamina yake, Malam Barmo, wanda na yi shekara shida a zaurensa ina saurayi. Lokacin ya doshi casa'in. Na hau mota na je, lokacin ɗibar albasa ne, buhuna jibge a bakin hanya, warinta ya cika garin. Na same shi a kan buzu, ya ƙanƙance, bakinsa ya shige ciki babu haƙori ko ɗaya. Na gaishe shi, na zayyana masa komai, na ce na zo in ji hukuncin limancin wanda ba ya iya fitar da haruffa daidai. Ya sa ni na karanta masa Fatiha, da haƙoran, sannan ba su. Ya saurara idonsa a rufe. Ya ce sallata ta yi, ta waɗanda ke bina ma ta yi, tunda ba da gangan ba ne kuma ma'ana ba ta juya ba. In akwai wanda ya fi ni fitar da haruffa, gabatar da shi ya fi, amma ba dole. Ya ce duk wannan na san shi, a zauren nan na karanta shi.

"To mi ya kawo ka?" ya ce. "Mi kake tsoro, sallarsu ta ɓaci, ko su yi ma dariya?"

 Ya jira har aka kira La'asar ban amsa ba, shi kuma bai sake tambaya ba. Har yau da nake rubuta wannan ba zan iya rantse muku da amsa ɗaya ba. Duk biyun suna nan, amma na san wanda ya fi nauyi, kuma ba shi ne wanda zan so in faɗa ba.

Kwana biyu da dawowata na tsayar da Malam Isiyaku bayan La'asar, da kowa ya watse. Na ce masa daga gobe shi ne liman. Ya ɗauka hutu nake nufi, ya ce ko wata nawa ne zai riƙe mini. Na ce ba riƙo ba ne. Ya ƙi. Ya ce shi har ga Allah bai ga abin da ya hana ni ba, mutane za su saba, shi kansa ya riga ya saba. Sau uku ina faɗa yana ƙi, har hawaye suka zubo masa, mutumin da ke da jikoki. Daga baya na ce masa in bai karɓa ba zan bar masallacin babu kowa. Sai ya karɓa. A nan ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba. Na sa shi ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa dalili ba.

"Malam, za su ce ni na ture ka."

"Ba su cewa," na ce.

"Za su ce."

"Ko sun ce, kwana nawa ne."

Sai ya ce ya yi alkawari. Kun ji abin da na yi. Kowa a unguwar ya ji fiton da kunnensa, kowa ya san halin da bakina yake ciki, amma ni na gwammace a yi ta zato da in tsaya a gaban jama'a in ce haƙora ne suka sauke ni. Mutane kuwa in ba a ba su dalili ba sukan ƙera nasu. Aka ce Malam Isiyaku ya haɗa kai da masu hannu da shuni na unguwa. Aka ce ya kai ƙarata wurin hakimi. Wasu suka daina bin sa salla, matansa suka daina samun gayyar biki daga wasu gidaje, har da namu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana limanci har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa buɗa baki ya wanke kansa ba. Ni da zan wanke shi da magana ɗaya na yi ta cewa gobe. Ɗiyansa suna nan a gidan, ba ku gaishe su a hanya. Ku je ku same su, ku karanta musu wannan shafi in kun ga dama. Ni na je kabarinsa na faɗa, amma wannan ba ya isar musu.

Na ƙara ɓata abin da tafiya. Mako guda da sauka na tattara 'yan kayana na tafi Andarai, ta ƙasar Maiyama, wurin yayata Kulu, na ce zan taya ta gyaran gona kafin ruwa ya sauka. Tafiyar ce ta tabbatar wa mutanen Jega cewa korata aka yi. A can babu wanda ya san muryata ta da. Ina bin wani liman salla wanda karatunsa bai kai na ɗalibaina ba, ina tsayawa a ƙarshen sahu kusa da takalma. Da rana nakan tafi gona ni kaɗai, in cire robar in sa a aljihu, in yi ta karatu da ƙarfi a tsakanin kunyoyi, babu mai ji sai shanun Fulani da ke wucewa. Yaya Kulu haƙora uku suka rage mata, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai ta buɗe baki in tana dariya ba. Ta yi mini wata biyu tana kallo, ran nan ta aje mini kwanon fura ta tsaya a kaina.

"Kai haƙora tara ka rasa kake zaman makoki? Da mijina ya mutu ban kai ka daɗewa ba. Tashi ka tahi gida, matarka na can ita ɗaya."

Na koma, amma gidan da na tarar ba shi ne na bari ba. A da tun da hantsi zaurena ba ya rabuwa da takalma a ƙofa. Mai ɗaurin aure, mai raɗin suna, masu rabon gado, mata da miji da suka saɓa, mai neman a duba masa ranar tafiya in ce masa babu wannan a addini. Duk waɗannan ashe limanci suke bi, ba ni ba, kuma ba laifinsu ba ne, haka abin yake. Nakan shimfiɗa buzu kamar kullum, in buɗe littafi, in zauna har Azahar ba wanda ya yi sallama sai mai tallan kalanzir. Ladan Garba yakan leƙo, amma ya rasa abin da zai ce mini, ni ma haka, sai ya daina daɗewa. Ciyayyar ƙofar gida ta koma ƙofar Malam Isiyaku. Ya aiko sau biyu in zo, na ce a gode masa.

Innarku, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, wata rana ta shigo da kwano biyu, ta aje nawa, ta zauna a bakin ƙofa da nata. Na dube ta. Ta ce yaran sun cika surutu ne, ta zo nan ta huta. Tun daga ranar haka muke ci. Ita ce ta matsa har na koma Sakkwato aka sassaƙe mini robar ta daina gurzata, aka kankare sauran haƙoran da suka rage, waɗanda har yau guda tara suna nan. Ita ce ta rage sukarin shayi ƙwaya ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare ban ankara ba. Ta sa aka sayo buroshi biyu, ɗaya na baki ɗaya na robar, ta ware wani ƙaramin kofi mai murfi da nake jiƙa ta a ciki. Ta fara tsayar da ku tana duba muku baki, kuna gudu kuna dariya. In ɗayanku ya ga jini a asuwaki ko a buroshi, kada ya ce ƙarfin guga ne. Wannan kaɗai ne wa'azin da ya rage mini a kan wannan batu.

A masallaci sahu na uku na zaɓa, jikin bango, inda zan fita ba tare da na ratsa kowa ba. Wata Asuba, wajen ƙarshen wannan daminar, Malam Isiyaku ya ɗauko wata doguwar sura, ya yi nisa, sai karatun ya ɗauke masa. Ya koma baya ya sake tahowa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake, ya tsaya. Kun san in haka ta faru wanda ya sani a cikin masu bi shi ke tuna wa liman. Masallaci ya yi tsit, ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Na san babu wanda ya haddace wurin sai ni. Na kuma san kalmar da ke gaba, sin biyu ne a cikinta, kuma ranar na fito ban sa robar ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ina ganin bayan Malam Isiyaku, kafaɗunsa sun ɗan sauko, yana jira, kuma na san ni yake jira. Na buɗa baki na faɗi kalmar da ƙarfi. Ta fita da fitonta, duk biyun. Ya cafe ya wuce, har ya kai ƙarshen surar bai sake tuntuɓe ba. Babu wanda ya yi tari.

Da aka sallame ban tsaya addu'a ba, na ɗauki takalmana na fito. Gari ya fara haske, ƙasa a jiƙe. Na tarar da innarku ta hura wuta tana dama kunu a bakin madafa. Ta ce mini sannu da dawowa, na amsa, na nufi ɗaki. Sai ta yi magana a bayana.

"Na ji ka yau, Malam. Lasifika ta ɗauko."

"Da fiton?"

"Da shi," ta ce. "Zamna ka sha tun da zafinai."

Na zauna a kan turmi na karɓi kofin. Ita kaɗai ce ta taɓa yi mini maganar wannan safiya, kuma bana shekara tara ke nan da rasuwarta. Ni kuwa tun daga ranar ba a sake jin muryata a masallacin ba, sai a cikin amin, tare da ta kowa.